Farin abun nan da ka gani a bututun hitar Bitil ɗin Baba

Wa alaikumus salam ƙanina. Tambayarka sai da na karanta ta sau biyu kafin in fara rubutu. Ka ce kun fito da Volkswagen Beetle ɗin marigayi mahaifinku, Allah ya jiƙansa da rahama, ƙirar 1973 wadda ya shigo da ita daga Jamus, ta fi shekara ashirin a ajiye a gidanku, kana so ka tayar da ita ta koma kamar sabuwa, da kuka ɗaga kujerar baya sai kuka tarar da wasu bututu guda biyu da wani farin abu a jikinsu kamar audugar da ta ruɓe tana zuba, yaron bakanike ya jawo tiyon kwampireso ya hure wurin, daga baya wani ya ce maka ai asbesto ne, shi ne hankalinka ya tashi kake tambaya ko ka riga ka ɗauko wa kanka ciwon daji, kuma ya za a yi da ragowar aikin.

To bari in fara kwantar maka da hankali kafin in tayar maka da shi. Shaƙa ta rana ɗaya irin wannan da wuya ƙwarai ta zama sanadin ciwo. Ba zan ce maka babu haɗari kwata-kwata ba, domin masana ba su yanke wani adadi da suka ce wannan kam lafiya lau ne ba, amma waɗanda cutar take kamawa mafi yawansu mutanen da suka shekara da shekaru ne suna cikin ƙurar kullum. Ka yi barcinka. Abun da ba na so shi ne a maimaita, don aikin tayar da tsohuwar mota ba na kwana ɗaya ba ne, wata shida ko shekara za ku yi kuna kankara da gogewa da hurewa, a nan ne lissafin yake canzawa.

Ni aikina kula da lafiyar ma'aikata ne a masana'antu, na daɗe ina zagaya kamfanonin Sharaɗa da Bompai ina auna ƙura da hayaƙi, amma kafin nan a gareji na tashi, babanmu bakanike ne, saboda haka abun da zan faɗa maka da hannuna na yi shi ina yaro. In aka cire diram ɗin birkin Fijo 504 mu ake kira, ka sunkuya ka cika baki da iska ka yi fuuu, baƙar ƙura ta taso ta rufe maka fuska, ka tashi kana dariya hanci baƙi ƙirin, da daddare in ka fyace majina baƙa ce. In aka kawo sabon lainin birki bai zauna daidai ba a ba ka samfefa ka yi ta gogawa a kan cinyarka. Wlh babu wanda ya taɓa ce mana komai, su ma manyan ba su sani ba. Sai da na je makaranta aka nuna mana hoton huhun mai wannan ciwo sannan jikina ya yi sanyi.

Shi asbesto ba haɗa shi ake yi a kamfani ba, dutse ne ake haƙowa daga ƙasa, sai dai dutse ne mai zare-zare, in ka fasa shi sai ya warware kamar auduga. Wuta ba ta cinsa, zafi ba ya ratsa shi da sauƙi, ba ya ruɓewa, ga araha, shi ya sa Turawa suka haukace a kansa suka zuba shi a komai, kwanon rufi, silin, bututun ruwa, jirgin ruwa, mota. Silin ɗin asbesto da ke tsofaffin gidajen gwamnati da makarantun kwana duk danginsa ne. Kala uku aka fi sani, shuɗi da ruwan ƙasa da fari, kuma farin, wanda ake kira kirisotayil, shi ne aka fi sawa a mota. Za ka ji wasu suna cewa ai farin ba ya cutarwa, to kar ka saurare su, gaskiya ne shuɗin da ruwan ƙasan sun fi shi mugunta amma hukumar binciken ciwon daji ta duniya duk ta jera su a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji.

Matsalar tana wurin ƙanƙantar zaren. Wanda idonka ya gani yana tashi ba shi ne abun tsoro ba, wannan hanci da maƙogwaro za su tare shi. Na ainihin ya fi gashin kai siriri sau ɗaruruwa, ba a ganinsa, ba shi da wari, ba ya sa atishawa ko ƙaiƙayi, kuma in ya tashi a ɗaki a rufe sai ya yi awanni yana yawo a iska bai sauka ba. Yana shiga sai ya wuce can ƙasan huhu ya soke, sojojin jiki su zo su yi ta ƙoƙarin narkar da shi su kasa tunda dutse ne, wurin ya yi ta kumburi yana tabo shekara da shekaru. In tabon ya yi yawa huhu ya ƙandare ya daina buɗewa sosai, shi ake kira asbestosis, mutum ya hau bene hawa ɗaya yana haki kamar ya yi gudun fanfalaki. Akwai dajin huhu. Sannan akwai mesotiliyoma, dajin tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki, wanda kusan duk inda aka gan shi in aka bi baya za a tarar da asbesto, kuma shi ne mafi muni don sau da yawa ba a gano shi sai ya yi nisa. Duk waɗannan ba yau ba gobe ba, shekara 20, 30, wani har 50 kafin su bayyana. Yaron da ya shaƙa yana ɗan shekara 15 sai ya yi aure ya aurar da 'ya'ya sannan tari ya fara, wa zai tuna da gareji a lokacin?

Kuma ba sabon labari ba ne. Tun 1924 wani likita a Ingila ya rubuta rahoton wata ma'aikaciyar masaƙar asbesto, Nellie Kershaw, da ta mutu huhunta cike da tabo. A 1960 likitoci a Afirka ta Kudu suka danganta mesotiliyoma da shuɗin asbesto da ake haƙa a ƙasar, har da mutanen da ba su taɓa aiki a ramin ba, zama kusa kawai suka yi. Duk da haka sai 1985 Ingila ta hana shuɗin da ruwan ƙasan, farin kuma sai 1999, Tarayyar Turai gaba ɗaya sai 2005, Afirka ta Kudu 2008, Amurka ma sai 2024 ta fitar da dokar hana farin. Kaga kenan motar 1973 a tsakiyar zamaninsa aka ƙera ta. Haka Fijo ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 da Bitil ɗin Legas da tsofaffin Marsandi da Landiroba da Bedford, duk 'yan zamani ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda asbeston da suka shaƙa a wurin aiki.

Yanzu mu zo kan motarka, don Bitil daban take da sauran a wannan fannin. Fijo da Marsandi masu lagireto ne, hitarsu wani ƙaramin lagireto ne a ƙarƙashin dasbod, ruwan zafin injin ya bi ta ciki fanka ta hura iska ta kansa, shikenan. Ita Bitil ba ta da ruwa sam, iska ce ke sanyaya injin, to daga ina za a samo zafin ɗumama cikin mota? Daga salansa. Akwai wasu akwatunan ƙarfe guda biyu hagu da dama a ƙasan injin da suka lulluɓe bututun hayaƙi, fankar injin ta turo iska ta bi tsakanin akwatin da bututun ta ɗauki zafi, ta wuce ta waɗancan bututun da kuka gani a ƙarƙashin kujerar baya, ta bi ta hanyar da ke ƙasan ƙofofi ta fito wajen ƙafa da gindin gilashin gaba. 'Yan liba guda biyun nan da ke gefen birkin hannu su ne ke buɗewa da rufewa. To ka duba, duk abun da ya farfashe a cikin wannan hanyar, da ka ja liba fanka za ta feso maka shi cikin mota, ga gilashi a rufe don sanyi, ga yara a kujerar baya daidai saman wurin. Shi ya sa na fi damuwa da kayan hita a kan gasket ɗin da ke matse tsakanin ƙarfe biyu.

Shin farin abun asbesto ne tabbas? Ido ba ya rabewa, ni ma da na shekara ina wannan aiki ba zan kalla in rantse ba, don audugar gilas ma haka take in ta tsufa. A ɗakin gwaje-gwaje ake tantancewa da madubin likita na musamman. Wasu za su ce ka kunna masa ashana in bai ci ba shi ne, wannan shirme ne, audugar gilas ma ba ta ci, kuma garin gutsirowa ka tayar da ƙura. Ƙa'idar da muke bi mai sauƙi ce, mota ta wancan zamani, abu fari ko toka-toka mai zare a wurin zafi, ka ɗauke shi a asbesto kawai. Sauran wuraren da za ka sa ido: gasket na salansa da na manifol, lainin birki, filet ɗin kuloci, allunan tare zafi kusa da salansa, igiyar da ake naɗe bututun hayaƙi da ita, wani lokacin har baƙin abun da ake shafawa a ƙasan mota da kuma fotin fanibita na da.

Shawarata ta gaskiya, a Kano me za ka yi da hita? Sanyin hunturu na Disamba da Janairu ne, shi ma da asuba ne, ƙarfe goma ta yi rana ta fito. Ka cire bututun nan cikin tsanaki, ka toshe ramukan da ke shiga cikin motar, ka bar liba ɗin a wurinsu don ado. Akwai ma dalili na biyu wanda ya fi asbesto gaggawa. Akwatunan nan in bututun cikinsu ya huje saboda tsatsa, hayaƙin salansa ne kai tsaye zai shigo maka ta hanyar hita, irin hayaƙin janareton da muke jin ya kashe mutanen gida guda suna barci, shi ba shekara talatin zai jira ba. Motar da ta yi shekara ashirin a tsaye ba zan yarda da akwatunanta ba. In kuma ka nace sai komai ya yi aiki kamar yadda ta fito daga kamfani, to ka sayi sababbin akwatuna da sababbin bututu ƙirar yanzu, ana yin su har gobe don masu son Bitil suna da yawa a duniya.

Yadda za a cire kuwa, sirrin duka ruwa ne. Jiƙaƙƙen asbesto ba ya tashi. Ka samu robar fesa ruwa irin ta masu aski, ka zuba ruwa da ɗan omo ko sabulun wanke-wanke don ruwan ya ratsa, ka fesa a hankali kamar raɓa, ba da ƙarfi ba, ka jira ya tsuma ka ƙara. A fito da motar fili inda iska ke wucewa amma ba ranar da iskar hunturu ke kaɗawa ba, kuma ba kusa da mai shayi ko mai abinci ba. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa. A kwance bututun gaba ɗayansa, kar a yanka kar a karya kar a lanƙwasa, daga motar sai cikin leda, a ɗaure, a ƙara wata ledar a kai. Wurin da ya zuba a goge da jiƙaƙƙen tsumma, tsumman ma ya bi su cikin leda, ba a wanke shi a sake amfani da shi. Tunda yaron ya riga ya hure, ka ɗauka duk cikin motar akwai ƙurar, a bi dasbod da ƙofofi da ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, tsohon kafet da soson kujerar baya kuma ni dai da zubarwa zan yi, dama ai sabo za ka sa. Tsintsiya haramun ce a wurin nan, haka kwampireso, haka bulowa, haka injin zuƙar ƙura na gida ko na wurin wankin mota, don zai zuƙa ta gaba ya feso ƙananan ta baya, sai dai mai matatar HEPA, wato matatar da ke tare ƙura komai ƙanƙantarta, wanda aka yi don irin wannan aikin. Gasket ɗin da ya manne a jikin ƙarfe a jiƙa shi a kankare da hannu a hankali, kar a kuskura a sa giranda ko burushin waya na inji, wannan shi ne aikin da ya fi kowanne tayar da ƙura. Birki ma haka, a fesa ruwan sabulu a goge, ba hurewa, ba samfefa.

Takunkumi kuma, wannan shuɗin na zamanin korona ba ya komai a nan, haka ɗaure hanci da hankici ko rawani. Wanda ake so shi ne na roba mai rufe hanci da baki mai matata a gefe da aka rubuta P100 ko P3, in babu to a ƙalla FFP3, ka duba wurin masu sayar da kayan kariya na ma'aikatan kamfani. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba kuma ya shafe mu sosai, gemu. Takunkumin nan sai ya manne da fata yake aiki, in akwai gemu iska ta gefe za ta bi ta shige. Ban ce kowa ya aske sunnarsa ba, cewa na yi in kai mai gemu ne ka san kariyarka ta ragu, ka ƙara dogara da ruwa da fili, ko ka bar wannan ɓangaren ga wanda takunkumin zai zauna masa.

Kayan da aka yi aikin da su kar su shiga gida. Wannan ina roƙonka. An samu mata da yawa a ƙasashen Turai da suka kamu da mesotiliyoma ba su taɓa taka masana'anta ba, kayan aikin mazajensu kawai suke kakkaɓewa su wanke. Ka sa tsofaffin kayan da ba ka so, in an gama a jiƙa su a cire a hankali su ma su shiga leda, a yi wanka har da kai kafin a ɗauki yaro. Kuma ba a cin abinci ko goro a wurin. Zancen shan madara bayan aiki wai tana wanke ƙirji, wanda masu walda da masu fenti suka riƙe kamar karatu, madara ciki take tafiya ƙura kuma huhu, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Ka sha don daɗi.

Ledar kuma kar a jefa ta bola, 'yan jari bola za su farke ta cikin minti biyar suna neman ƙarfe, yawancinsu kuma yara ne. Kar a ƙona, ba ya ci, ledar ce za ta ƙone ta bar shi a fili iska ta ɗauka. Ka rubuta a jiki, ka tuntuɓi Ma'aikatar Muhalli ko ofishin NESREA, hukumar tarayya mai kula da bin dokokin muhalli, su faɗa maka inda za a kai, kafin nan ta zauna a ɗaure inda yara ba sa zuwa.

Sai maganar sayen kaya, a nan masu son tsofaffin motoci suke faɗawa rami da ƙafarsu. Za ka je Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari wani dattijo ya shiga can ƙuryar shago ya fito maka da lainin birki ko gasket a tsohon kwali mai ƙura ya ce orijinal ne tun na wancan lokacin ba a taɓa buɗewa ba, kai kuma ka ji kamar ka tsinci dami a kala. Orijinal ɗin wancan lokacin ai shi ne mai asbeston. Fitila, madubi, sitiyari, tambari, duk ka nemi na asali, amma birki da kuloci da gasket ka sayi ƙirar yanzu na kamfanin da aka sani, ka duba kwalin ko an rubuta babu asbesto. Sabo ma ba kowanne ba, har yau ana haƙarsa a Rasha da Kazakistan da China, ana kuma sarrafa shi a ƙasashe irin su Indiya, a 2012 sai da aka yi kiranyen dubban sababbin motoci ƙirar China a Ostireliya saboda an same shi a gasket ɗinsu. To ina ga kayan da ba suna ba adireshi da ke shigo mana. Ko bayan ka gama gyara, birki dai a ci gaba da jiƙa shi kafin a taɓa.

Kana shan taba? In kana sha to wannan ya fi duk abun da na lissafa muhimmanci. Binciken da aka yi kan ma'aikatan asbesto a Amurka ya nuna asbesto kaɗai yana ninka haɗarin dajin huhu kamar sau 5, taba kaɗai kamar sau 10, in suka haɗu kuwa wajen sau 50.

Kai ba sai ka ruga asibiti ɗaukar hoton ƙirji ba, babu abun da zai nuna bayan sati ɗaya, kuma babu maganin da ke fitar da zaren. Wanda nake tunani shi ne ogan garejin da kuka kai motar, in ya kai shekara talatin yana wannan sana'a. Akwai wani abokin babanmu, aikinsa kenan buga lainin manyan motoci da ribit, ya yanka ya huda ya goge, wurin zamansa kullum fari fat kamar an zubar da garin rogo. Da ya tsufa sai haki da busasshen tari da rama, aka yi ta ba shi maganin tibi, daga baya aka fara zuƙe masa ruwa a ƙirji, har Allah ya karɓi abunsa babu wanda ya tambaye shi sana'ar da ya yi, shi ma bai san abun faɗa ba ne. Saboda haka in ka ga ogan naku yana haki ko tari ya ƙi ƙarewa ko ciwon ƙirji gefe guda, ya je ya ga likitan ƙirji, akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano, kuma da bakinsa ya ce likita na shekara kaza ina aikin birki da kuloci, wannan jimlar kaɗai tana canza abun da za a nema a hoton.

Yaron da ya hure wurin kuma kai ne mai mota kai ke biyan kuɗin aiki, in ka ce ba a sa kwampireso a motarka ba za a sa ba. Ka sayi takunkumi biyu, ɗaya naka ɗaya nasa, ka tsaya a wurin ranar da za a cire bututun don in ka juya baya za a koma yadda aka saba, oga zai ce mu da muka shekara arba'in muna yi me ya same mu, kar ka yi musu da shi, ka ce Baba haka nake so a yi min. In kun ɗaga motar ka ɗauko min hoton akwatunan nan biyu ta ƙasa, musamman wajen da suka haɗu da salansa, in gani ko masu gyaruwa ne ko na zubarwa, amma a fesa ruwan tukunna kafin kowa ya shiga ƙarƙashi.